Yadda ake lissafin albashi da kuɗin ƙarin lokaci a ayyukan gine-ginen gwamnati

A 'yan shekarun nan Ikeja da Agege sun ga manyan ayyukan gwamnati a jere. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema da ke Agege a watan Maris na 2021, aka ƙaddamar da sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan a watan Yunin wannan shekarar, sannan a ranar 29 ga Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da jirgin ƙasa na cikin gari mai tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke da tashoshi a Agege da Ikeja. Irin waɗannan ayyuka na cin ma'aikata masu yawa: leburori, birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi, masu walda, direbobin tifa da masu gadi. Daga cikin masu neman abinci a wannan sana'a akwai 'yan Arewa mazauna Agege, garin da Hausawa suka daɗe da kafuwa a cikinsa tun zamanin fataucin goro, da kuma matasan da ke zuwa Legas cirani.

Abin da ya fi jawo saɓani tsakanin ma'aikaci da ɗan kwangila shi ne kuɗin awannin da aka yi bayan lokacin tashi, wato ƙarin lokaci, wanda a wurin aiki ake kira obatayim. Dokar Nijeriya ta amince da cewa akwai ƙarin lokaci, amma ba ta yanke farashinsa ba. Saboda haka abin da zai shiga aljihun ma'aikaci ya rataya ne a kan abubuwa uku: kuɗin awa guda, ninkin da aka yi yarjejeniya a kansa, da adadin awannin da aka rubuta.

Asalin ƙa'idar albashin da aka saba biya

Gwamnati ita ce babbar mai ba da kwangilar gini a kusan kowace ƙasa, kuma yawanci wanda ya kawo farashi mafi sauƙi shi ke samun aikin. Hanya mafi kusa ta rage farashi kuwa ita ce a matse kuɗin ma'aikata. Don toshe wannan kafa ne Majalisar Wakilan Birtaniya ta zartar da ƙuduri a 1891 cewa duk wanda ya karɓi kwangilar gwamnati ya biya ma'aikatansa abin da aka saba biyan masu irin sana'arsu. Amurka ta yi tata dokar a 1931, wadda ake kira Davis-Bacon, kuma ta shafi kwangilolin ginin gwamnatin tarayya da kuɗinsu ya haura dala 2,000. A ƙarƙashinta Ma'aikatar Ƙwadagon ƙasar ke fitar da jadawalin kuɗin awa na kowace sana'a a kowane yanki, ɗan kwangila kuma yana miƙa takardar biyan albashi duk mako. Wata dokar ta 1962 ta wajabta biyan ninki ɗaya da rabi a kan duk awar da ta haura 40 a mako a irin waɗannan kwangiloli.

A 1949 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta mayar da wannan ƙa'ida yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai lamba 94, kuma Nijeriya ta amince da ita a watan Oktoban 1960. Yarjejeniyar ta ce a saka sharaɗi a cikin kwangilar gwamnati cewa albashi da alawus da awannin aiki ba za su gaza abin da ake bai wa masu irin wannan aiki a yankin ba, ko ta hanyar yarjejeniyar ƙungiyoyi aka tsayar da shi, ko ta hukuncin masu sasanci, ko ta dokar ƙasa. Sharaɗin ya hau kan ƙananan 'yan kwangilar da babban ɗan kwangila ya raba wa aiki. Ta kuma buƙaci a liƙa sanarwar sharuɗɗan aiki a inda ma'aikata za su gani, a riƙa rubuta awanni da abin da aka biya, kuma a iya riƙe kuɗin ɗan kwangila don a biya ma'aikatan da ya ci wa hakki.

Nijeriya ba ta da jadawalin gwamnati mai fayyace kuɗin awa na birkila ko kafinta a kowace ƙaramar hukuma kamar na Amurka. Ana gano abin da ya kamata a biya ne daga matakai uku: dokar mafi ƙarancin albashi, yarjejeniyar ƙungiyoyin masana'antar gini, da takardar ɗaukar aiki ta ma'aikacin kansa.

Mataki na farko: mafi ƙarancin albashi

An fara dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a 1981 da Naira 125 a wata. Ya koma Naira 18,000 a 2011, ya koma Naira 30,000 a 2019. A ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan gyaran da ya kai shi Naira 70,000, ya kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Duk wata yarjejeniya ta biyan abin da ya gaza wannan adadi ba ta da ƙarfi a gaban doka, ko da ma'aikacin ya yarda da ita.

Sai dai dokar ta keɓe wasu wuraren aiki. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin-gadi na 'yan awanni, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da ayyukan da ke bin yanayin shekara kamar noma. Wannan keɓewa na da muhimmanci a harkar gini, domin babban kamfani yakan yanka aiki gunduwa-gunduwa ya raba wa ƙananan 'yan kwangila, kowanne da mutum goma ko goma sha biyar, wasu kuma a kan jinga.

A watan Oktoban 2024 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar da Naira 85,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin Jihar Legas. Wannan adadi na ma'aikatan gwamnatin jihar ne. Lebura da ke aiki a ƙarƙashin ɗan kwangila a kan titin da jihar ta bayar ma'aikacin ɗan kwangilar ne, don haka ba ya cin wannan adadi kai-tsaye sai in an rubuta haka a takardar aikinsa.

Mataki na biyu: yarjejeniyar masana'antar gini

Masana'antar gini na da majalisar haɗin gwiwa ta ƙasa, NJIC, inda masu kamfanoni da wakilan ma'aikata ke zama su daidaita albashi da alawus. Ɓangaren kamfanoni na ƙarƙashin inuwar FOCI, ƙungiyar manyan kamfanonin gini da aka kafa a 1954. Ƙananan ma'aikata na da ƙungiyar NUCECFWW, wadda ta haɗa ma'aikatan gine-gine da na katako da kayan ɗaki, manyan ma'aikata kuma na da CCESSA. Yarjejeniyar da ake cimmawa a wannan majalisa ta ƙunshi matakan albashi bisa sana'a da ƙwarewa, awannin aiki, kuɗin ƙarin lokaci, alawus-alawus, hutun shekara da kuɗin sallama, kuma ana sake duba ta lokaci zuwa lokaci.

Wannan yarjejeniya ita ce abu mafi kusa da albashin da aka saba biya da yarjejeniyar ILO ke magana a kai. Tana aiki ne a kamfanonin da ke cikin ƙungiyar, kuma ƙarfinta a kotu yana ƙaruwa idan takardar ɗaukar aiki ta ambace ta a matsayin ɓangaren sharuɗɗa. Dokar Rikicin Ƙwadago ta tanadi a ajiye kwafin irin wannan yarjejeniya a wurin Ministan Ƙwadago, wanda ke da ikon ba da umarnin da zai mayar da ita wajibi a kan ɓangarorin da ta shafa. Ma'aikacin babban kamfani na iya neman ganin sabuwar yarjejeniyar a wurin wakilin ƙungiya na wurin aikinsa.

Mataki na uku: takardar ɗaukar aiki

Dokar Ƙwadago, Babi na L1 na Kundin Dokokin Tarayya na 2004, ita ce ke kare masu aikin ƙarfi da akawuna. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikaci takarda kafin cikar wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin, adadin albashi, yadda ake lissafinsa, lokacin biya, awannin aiki da hutu. A wannan takarda ce ya kamata a ga ninkin ƙarin lokaci a rubuce.

Sashe na 13 ya ce awannin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka tsayar ta hanyar yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki, ko ta cinikin ƙungiyoyi, ko ta hukumar tsara albashin masana'antu. Duk awar da aka sa ma'aikaci ya yi sama da haka ƙarin lokaci ce. Dokar ba ta ambaci awa takwas a rana ko 40 a mako ba, amma wannan shi ne abin da ya fi yawa a aikace. Sashen ya ƙara da cewa wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa guda ba, kuma a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. Idan aka taɓa wannan hutu na mako, sai a rama masa cikin kwana 14, ko kuma a biya shi da farashin ƙarin lokaci.

Game da ninki, abin da aka fi sabawa da shi a takardun aiki shi ne ɗaya da rabi a ranakun aiki, da ninki biyu a ranar Lahadi da ranakun hutun gwamnati, kamar na Sallah Ƙarama da Babba, Maulidi, Kirsimeti, 1 ga Mayu da 1 ga Oktoba. Wasu wuraren na da nasu tsarin na daban, musamman game da Asabar. Yarjejeniyar farko ta ILO, ta 1919, wadda ta tsayar da awa takwas a rana da 48 a mako, ta ce kada kuɗin ƙarin lokaci ya gaza ɗaya da kwata.

Yadda ake fitar da kuɗin awa guda

Duk lissafin ƙarin lokaci yana farawa ne daga kuɗin awa guda. Ga mai albashin wata, ana raba albashin da adadin awannin aikinsa na wata, kuma a nan ne ake samun bambanci mai yawa, domin ba kowane akawu ke amfani da adadi ɗaya ba.

Idan aikin kwana biyar ne a mako, awa takwas a rana, akan ɗauki kwana 22 a wata, wato awa 176. Naira 70,000 a raba da 176 ta ba da kimanin Naira 398 a awa, ko Naira 3,182 a rana. Wasu kan bi lissafin shekara: awa 40 sau mako 52, a raba da wata 12, ya ba da awa 173 da sulusi, kuɗin awa ya zama kimanin Naira 404. Idan aikin kwana shida ne a mako, akan ɗauki kwana 26, wato awa 208, kuɗin awa ya sauko zuwa kimanin Naira 337. Idan kuwa aka raba da kwana 30, wato awa 240, ya zama kimanin Naira 292 kacal.

Albashi ɗaya ne, amma tsakanin 404 da 292 akwai tazarar fiye da Naira 100 a kowace awa. Rabawa da kwana 30 na nufin an ɗauka ma'aikacin yana aiki kullum ba hutu, alhali doka ta ba shi kwana guda a mako. Adadin da ya dace shi ne wanda ya yi daidai da ainihin kwanakin aikin da ke cikin takardarsa.

Abu na biyu shi ne wane kuɗi ake rabawa. Albashin wata kan kasu zuwa ainihin albashi da alawus na gida, mota da abinci. Wasu kamfanoni na lissafin ƙarin lokaci a kan ainihin albashi kaɗai, wasu a kan jimilla. A Amurka ma ninkin yana hawa ne kan kuɗin awa na asali, ban da kuɗin inshora da fansho da ake ɗorawa a kai. Dokar Nijeriya ba ta zaɓi ɗaya ba, don haka takardar aiki ko yarjejeniyar ƙungiya ce ke raba gardama.

Misalin mai albashin wata

Alƙaluman da ke biye na misali ne don nuna hanyar lissafi. A ɗauka birkila yana aiki a wata gada a Ikeja, albashinsa Naira 132,000 a wata, kwana 22, awa takwas a rana. Kuɗin awarsa Naira 750 ke nan. Takardarsa ta ce ɗaya da rabi daga Litinin zuwa Asabar, ninki biyu ranar Lahadi.

A cikin watan ya yi ƙarin awa 18 a ranakun aiki. Ɗaya da rabin 750 shi ne 1,125, sau 18 ya ba da Naira 20,250. Ya fito Asabar biyu, kowacce awa shida, wato awa 12 sau 1,125, Naira 13,500. Ya kuma yi Lahadi guda ta awa takwas a kan 1,500, Naira 12,000. Jimillar ƙarin lokacinsa Naira 45,750, abin da ya samu a watan gaba ɗaya kuma Naira 177,750.

Akwai gajeriyar hanyar tantancewa: a mayar da awannin ƙarin lokaci zuwa awanni na yau da kullum. Awa 18 sau ɗaya da rabi 27 ne, awa 12 sau ɗaya da rabi 18 ne, awa takwas sau biyu 16 ne. Jimilla 61, sau 750, ta ba da 45,750.

Da akawu ya raba albashin da kwana 30, kuɗin awa zai zama Naira 550, sau 61 ya ba da Naira 33,550. Birkilan ya yi asarar Naira 12,200 a wata guda ba tare da an rage masa ko awa ɗaya ba. Da kuma ainihin albashinsa Naira 88,000 ne, sauran 44,000 alawus, aka yi lissafi a kan ainihin albashin kaɗai, kuɗin awa zai zama Naira 500, ƙarin lokacin kuma Naira 30,500.

Misalin mai kuɗin rana

Yawancin leburori kuɗin rana ake biyansu, kuma a wurinsu tambayar ita ce awa nawa ce rana. A ɗauka an yi ciniki a kan Naira 5,600 na awa takwas, wato Naira 700 a awa. Ranar zuba kankare ba a tashi sai an gama, domin idan aka bari wani sashe ya bushe kafin a zuba na gaba, mahaɗar takan yi rauni. Aka fara ƙarfe 7 na safe, aka tashi ƙarfe 8 na dare. Awa 13 ke nan, a cire awa guda ta hutun salla da abinci, saura 12. Huɗu daga ciki ƙarin lokaci ne. A kan ɗaya da rabi kowacce Naira 1,050 ce, jimilla Naira 4,200, don haka hakkinsa na ranar Naira 9,800 ne. Idan aka ba shi 5,600 kawai, kuɗin awarsa ya faɗo zuwa kimanin Naira 467.

Saboda haka lokacin tsayar da magana shi ne da safe kafin a ɗauki shebur: ƙarfe nawa ake tashi, kuma nawa ne kuɗin awar da ta biyo baya. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, amma a wurin biya abin da aka rubuta ko aka faɗa a gaban shaidu shi ke tsayawa.

Mai sana'a biyu da mai aikin jinga

Yakan faru mutum ya yi aiki iri biyu a mako guda. A ɗauka ya yi awa 30 yana leburanci a kan Naira 700, da awa 20 yana taya ɗaurin rodi a kan Naira 950. Kuɗin farko 21,000, na biyu 19,000, jimilla 40,000 a awa 50. Matsakaicin kuɗin awarsa Naira 800 ne. Awa goma da suka haura 40 an riga an biya su sau ɗaya a cikin jimillar, saura rabin da za a ƙara, wato 400 sau goma, Naira 4,000. Hakkinsa na makon Naira 44,000. Wannan hanya ta matsakaici sananniya ce a Amurka. Wata hanyar ita ce a biya ƙarin lokacin da farashin aikin da ake yi a awannin da suka haura.

Aikin jinga kuwa, kamar jera bulo a kan kuɗin kowane ɗaya ko haƙa rami a kan kuɗin kowace mita, ba ya ɗauke da ƙarin lokaci sai an yi sharaɗinsa. Mai karɓar jinga na iya gane ko ta biya shi ta hanyar cire kuɗin yaransa da na kayan aiki daga abin da ya karɓa, ya raba sauran da awannin da aikin ya ci, sannan ya gwada da kuɗin awa na mai irin sana'arsa.

Ranar ruwa da ranar da babu kaya

Daminar Legas doguwa ce, kuma aiki kan tsaya saboda ruwan sama ko yankewar siminti da rodi. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ya ce idan ma'aikaci ya zo lafiyarsa ƙalau kuma a shirye, aka kasa ba shi aiki, za a biya shi kamar ya yi aikin ranar. Idan dalilin wani abu ne na gaggawa ko abin da ya fi ƙarfin mai ɗaukar aiki, kuɗin ranar farko kaɗai ya wajaba, kuma wannan rangwame ba ya wuce mako guda sai da iznin jami'in ƙwadago. Sashe na 14 kuma ya ce idan aka tura ma'aikaci wani wurin aiki mai nisan kilomita 16 ko fiye daga inda ya saba, sai a ba shi mota kyauta ko kuɗin mota.

Abin da ake cirewa daga albashi

Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke masa albashi. Idan ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, ba a cire kuɗin sai da rubutaccen iznin jami'in ƙwadago. Jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan ba. Sashe na 15 ya hana tazarar biya ta wuce wata guda, don haka jinkirin da gwamnati ta yi wajen biyan ɗan kwangila ba ya ɗage ranar biyan ma'aikaci.

Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi a cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, a kamfanonin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Ana lissafin ne a kan abin da bai gaza ainihin albashi da alawus na gida da na mota ba. Idan Naira 132,000 ta birkilan nan duk ta shiga wannan lissafi, za a cire masa 10,560, kamfani ya zuba 13,200. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, don biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Wannan kuɗi ba a cire shi daga albashin ma'aikaci, kuma dokar ta haɗa da masu aikin wucin-gadi.

A nan ne kwangilar gwamnati ta bambanta da ta mai zaman kansa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta sharɗanta cewa mai neman kwangilar tarayya ya kasance ya sauke nauyin haraji da fansho da sauran kuɗaɗen kare ma'aikata. Shi ya sa ake neman takardun shaida daga PenCom da NSITF da ITF kafin a ba da aiki. Jihar Legas na da tata hukumar, da kuma tata dokar tun 2011. Haka kuma kuɗin ƙwadago na cikin farashin da ɗan kwangila ya gabatar wa gwamnati tun farko, domin masu ƙiyasta kuɗin gini na saka shi a farashin kowane sashe na aikin.

Rubuta awanni da neman hakki

Sashe na 75 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ajiye bayanan albashi da sharuɗɗan aiki har shekara uku. A manyan wuraren aiki akwai mai rubuta lokaci, a ƙanana kuma heluma ne ke riƙe da littafi. Ma'aikacin da ke rubuta nasa a ƙaramin littafi ko a wayarsa, da kwanan wata, lokacin farawa, lokacin tashi da irin aikin da ya yi, yana da abin da zai gwada da lissafin akawu a ƙarshen wata. Takardar biyan albashi, katin shiga wurin aiki da saƙon banki duk hujjoji ne.

Idan lissafi ya saɓa, matakin farko shi ne ofishin biya na kamfanin, tare da wakilin ƙungiya idan akwai. Daga nan sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi ta Tarayya da ke jihar, inda jami'an ƙwadago ke da ikon duba littattafan albashi da kiran ɓangarorin biyu don sulhu. A Legas akwai Cibiyar Sasanta Jama'a da Ofishin Lauyan Talakawa, dukansu a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jihar da ke Alausa a Ikeja, kuma suna taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Mataki na ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya keɓe wa shari'o'in ƙwadago, har da na albashin da aka hana. Wannan sashe ya kuma ba ta ikon duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su, irin ta 1949 game da kwangilolin gwamnati.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare tambayoyin da za a fara yi wa mai ƙorafi su ne nawa aka yi da shi, awa nawa ce ranar aikinsa, wane ninki aka amince da shi, da kuma awa nawa ya yi. Wanda ya zo da amsoshin a rubuce ana iya fitar masa da adadin da yake bi a zama ɗaya.